Da Wane Mudu Za A Auna Farin Cikin Ma'aikaci?

Kowa ya shiga kasuwa ya san ko wane kaya da abin awonsa. Dawa da gero da mudu a ke auna su, ƙyalle da kamu, auduga kuwa sai a ɗora ta bisa sikeli. In mai saye da mai sayarwa suka yi gardama, awo ya kan raba su. Amma akwai wani abu wanda ya fi waɗannan duka daraja, ga shi kuwa da wuyar awo, watau abin da ke cikin zuciyar mutum sa'ad da ya ke bakin aikinsa. Wani ya kan tashi da asuba ya nufi wurin aiki da saurin ƙafa. Wani kuwa, ga aikinsu ɗaya, ga albashinsu ɗaya, yana tafiya kamar ana jansa da igiya. Me ya raba su? Za a iya auna shi?

Kusan shekara 100 ke nan masana a Amurka da Turai suna ƙoƙarin sassaƙa mudu domin wannan awo. Yau manyan kamfanoni a ƙasashe da yawa su kan rarraba wa ma'aikatansu takardar tambayoyi ko wace shekara, a tattara amsoshi, a kai lissafin gaban manya. Muna so mu duba tare da masu karatu abin da aka gano, da inda mudun ya kan yi ƙwange, sa'an nan mu tambayi kanmu ko daidai ne mutum ya auna zuciyar ɗan'uwansa. Kada wani ya ce wannan zancen masu manyan masana'antu ne. Yawancinmu ko dai muna aiki a ƙarƙashin wani, ko kuwa akwai wani a ƙarƙashinmu, ko da ɗan ƙodago ɗaya ne a gona, ko yarinyar da ke taya uwargida aiki, ko mai gadin makaranta.

Sa'ad da a ke auna ƙarfi kaɗai

Da fari ba wanda ya kula da zuciyar ma'aikaci. Ƙarfinsa a ke aunawa. A shekara ta 1899 wani injiniya Ba'amurke, sunansa Frederick Taylor, ya sa aka tsaya da agogo a kan leburori masu ɗora gumagumen ƙarfe a taragon jirgin ƙasa, a wata ma'aikatar narka ƙarfe a garin Bethlehem na jihar Pennsylvania. Ko wane gungume nauyinsa laba 92, watau wajen kilo 42. Bisa ga labarin da shi kansa ya bayar a 1911, dā lebura ɗaya ya kan ɗora tan 12 da rabi a yini. Da aka tsara masa lokacin ɗauka da lokacin hutu, sai ya kai tan 47. Ladansa kuwa ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: kaya ya ninka kusan sau huɗu, lada bai ko ninka sau biyu ba. Ba a tambayi leburan yadda su ke ji ba, gama a ganin Taylor tunani na manaja ne, ɗauka kuma na lebura.

Amma wanda ba a tambayi bakinsa ba, ƙafarsa ta kan ba da amsa. A 1913 Henry Ford ya kafa layin haɗa motoci a ma'aikatarsa kusa da birnin Detroit. Aiki ya riƙa zuwa wurin mutum, shi kuwa yana tsaye wuri ɗaya yana maimaita abu ɗaya har yamma. Motoci suka yi ta fita da sauri, mutane ma suka yi ta fita da sauri. A shekaran nan sai da kamfanin ya ɗauki mutum fiye da 50,000 domin ya riƙe wajen 14,000 a bakin aiki. A watan Janairu na 1914 Ford ya yi shelar zai riƙa biyan dala 5 a yini, fiye da ninkin abin da a ke biya a dā, ya kuma rage awoyin aiki daga 9 zuwa 8. Nan da nan gudun aiki ya ragu ƙwarai. Sai dai kuɗin nan da sharaɗi ya zo. Kamfanin ya riƙa aika 'yan bincike gida gida, su ga ko mutum yana sha, ko yana ajiyar kuɗi, ko gidansa da tsabta. Wanda bai gamshe su ba, ba ya samun cikakken ƙarin.

Ashe mudu na fari shi ne ƙofar fita, a ƙirga masu barin aiki. Mudu ne mai gaskiya, amma ya kan makara, gama sai mutum ya tafi ya ke ba da labari. Ba ya kuma faɗin kome game da wanda ya ke so ya tafi, amma ba shi da wurin zuwa.

Sa'ad da aka fara tambaya

Daga 1924 zuwa 1932 aka yi wani dogon gwaji a ma'aikatar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da Shikago, inda a ke ƙera kayan tarho. Da fitilu aka fara, ana so a ga ko ƙarin haske zai ƙara aiki. An daɗe ana ba da labari cewa ko an ƙara haske ko an rage, aiki ƙaruwa ya yi, wai domin ma'aikata sun ga an kula da su. Amma a 2011 waɗansu masana biyu, Steven Levitt da John List, sun buga abin da suka samu da suka koma kan ainihin takardun gwajin, suka nuna an sa wa labarin gishiri da yawa.

Abin da ya fi amfani shi ne wanda ya biyo baya. Daga 1928 zuwa 1930 aka zauna da ma'aikata fiye da 21,000, ɗaya ɗaya, ana jin ta bakinsu. Da farko masu tambaya sun zo da jerin tambayoyinsu a shirye. Sai suka lura mutum ya kan amsa a gajarce, ya juya zance zuwa abin da ke damunsa, wanda ba ya cikin takarda ko kaɗan. Suka ajiye jerin, suka koyi yin shiru. Hirar da a dā ta kan ɗauki wajen rabin awa ta koma awa ɗaya da rabi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

A cikin gwajin nan kuma akwai abin da ya kamata ya sa mu tsaya. A 1927 aka ware mata biyar a wani ɗaki dabam, ana canja musu lokacin hutu da tsawon yini, ana neman shawararsu, aikinsu kuwa ya yi ta ƙaruwa. Amma a farkon 1928 aka fid da biyu daga cikinsu, aka kawo waɗansu, domin an ce sun cika surutu, ba sa ba da haɗin kai. An ce musu su saki jiki su yi magana, da maganar ta yi yawa kuwa sai aka kawar da su. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Abin da mudun ya nuna

Bayan wannan aka yi ta ƙirƙiro ma'aunai iri iri. A 1955 wani mai suna Theodore Kunin ya zana fuskoki a jere, daga mai murtukewa har zuwa mai fara'a, ma'aikaci ya nuna wadda ta yi daidai da yadda ya ke ji. Mu da mu ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska, wannan ba zai zama mana baƙo ba. A 1969 Patricia Cain Smith da abokan aikinta suka fito da wani ma'auni wanda har yau a ke amfani da shi. Sun raba zancen kashi biyar: aikin kansa, albashi, ƙarin girma, shugaban aiki, da abokan aiki. Hikimar wannan a fili ta ke, gama mutum ya iya ƙaunar aikinsa ya ƙi shugabansa, ko ya ji daɗin abokansa albashi kuwa yana ba shi haushi.

Wanda ya fi suna cikin masu awon nan shi ne Frederick Herzberg. A 1959 shi da abokansa biyu suka buga binciken da suka yi a kan injiniyoyi da akantoci wajen 200 a kewayen birnin Pittsburgh. Sun roƙi ko wannensu ya tuna da lokacin da ya ji daɗin aikinsa ƙwarai, da lokacin da ransa ya ɓaci ƙwarai, ya faɗi abin da ya faru. Da aka jera labarun sai aka ga sun rabu biyu. Labarun daɗi yawancinsu game da gama wani aiki mai wuya ne, da yabo daga wanda ya san darajar aikin, da amincewar da aka yi wa mutum aka danƙa masa nauyi, da ci gaba. Labarun ɓacin rai kuwa yawanci game da dokokin kamfani ne, da halin shugaba, da albashi, da yanayin wurin aiki. Herzberg ya ce ashe abin da ke kawar da gunaguni dabam ne, abin da ke kawo murna kuma dabam. Kamar mai gona ne, nome ciyawa wajibi ne, amma noma ba ya tsirar da abin da ba a shuka ba.

Waɗansu bincike na baya sun ƙara mana abu uku. Na ɗaya, adalci. A 2008 wata jarida a Kalifoniya ta baza albashin ma'aikatan jihar a intanet, har da na jami'ar jihar. David Card da abokansa uku suka sanar da waɗansu ma'aikatan jami'ar inda za su duba, suka bar waɗansu ba su sanar da su ba, daga baya suka tambayi duka. Waɗanda suka gane albashinsu yana ƙasa da na tsararrakinsu, jin daɗinsu ya ragu, suka fara tunanin neman wani aiki. Waɗanda suka gane nasu yana sama kuwa, murnarsu ba ta ƙaru ba. Ko kwabo bai ragu daga aljihun kowa ba, sani kaɗai ya shigo. Maigidan da ya fifita wani ba dalili ya ɓata ran ɗaya, bai kuwa sayi zuciyar ɗayan ba.

Na biyu, iko a kan aikin hannunka. A 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza wajen 18,000 a Landan. Bayan shekara 10 aka tarar na ƙasa duka, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, mutuwa a cikinsu ta kai wajen ninki uku na ta manyan shugabanni. Shan taba da sauran abubuwan da likitoci suka sani sun bayyana kashi kaɗan ne na bambancin. A 1985 Michael Marmot ya ja gaba aka fara bincike na biyu da mutum fiye da 10,000, maza da mata. Aka ga waɗanda ba su da ta cewa game da yadda za su yi aikinsu sun fi kamuwa da ciwon zuciya. Saboda haka zancen nan ya wuce fara'a da murtukewa, ya taɓa tsawon ran mutum.

Na uku, ganin amfanin aiki. A 2007 Adam Grant ya buga wani gwaji da ya yi a kan ɗalibai masu buga waya suna roƙa wa wata jami'a a Amurka gudummawa. Aiki ne mai gundura, yawancin waɗanda a ke kira su kan ƙi. Aka kawo wa waɗansunsu wani ɗalibi wanda kuɗin nan ne ya biya masa karatu, ya yi hira da su 'yan mintoci. Bayan wata guda, kuɗin da waɗannan su ke tarawa a mako ya ninka fiye da sau biyu, na sauran kuwa bai canja ba. Ba a ƙara musu lada ba, sun dai ga fuskar wanda guminsu ya ke taimako.

Inda mudun ya kan yi ƙwange

To, ashe ana iya aunawa. Amma fa ko wane mudu yana da hanyar da a kan yi ƙwange da shi, wannan ma haka.

Hanya ta fari ita ce ladabi da tsoro. Mu duba gaisuwarmu. In an ce, "Ina aiki?" sai a ce, "Da godiya." In an ce, "Ina gajiya?" sai a ce, "Ba gajiya," ko da mutum ya yini yana faskare. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma maigidan da ya ɗauke ta a kan shaida ya ruɗi kansa. Bisa ladabi kuma sai tsoro ya hau. Ma'aikaci ya san baki shi ke yanka wuya. Ko an ce masa ba za a rubuta suna ba, in su biyar ne a ofis ya san za a gane salon maganarsa. Ya kuma san irin abin da ya sami matan nan biyu na Hawthorne, ko da bai taɓa jin labarinsu ba.

Hanya ta biyu ita ce fid da rai. A 1974 wata masaniya a Turai, Agnes Bruggemann, ta nuna cewa kalman nan "na gamsu" tana da ma'ana fiye da ɗaya. Wani ya gamsu domin ya sami abin da ya ke nema. Wani kuwa ya gamsu domin ya gaji da nema, ya rage burinsa har ya yi daidai da ɗan abin da ke hannunsa. A takarda amsarsu ɗaya ce. Wanda ke gunaguni sau da yawa shi ne wanda har yanzu ya ke sa rai wurin zai gyaru.

Hanya ta uku ita ce a tara a raba. In mutum tara suna jin daɗi, na goma kuwa ana wulakanta shi kullum, lissafi zai ce wurin lafiya lau ne. Shi kuwa na goman nan mutum ne cikakke, da iyali, da daren da ba ya barci.

Hanya ta huɗu, wani masanin tattalin arziki na Babban Bankin Ingila, Charles Goodhart, ya lura da ita a 1975 game da sha'anin kuɗi, amma ta shafi ko wane awo. In aka mai da abin awo ya zama abin da a ke bi da gudu, sai ya daina faɗin gaskiya. In aka ce ƙarin girman manaja ya rataya ga makin da yaransa za su ba shi, sai ka ga ya yi ta rabon abinci da fara'a mako guda kafin takarda ta zo, ko ya ja su gefe ya yi musu kashedi. Maki zai hau, kome kuwa bai canja ba.

Akwai kuma ƙwangen da ya fi waɗannan muni, shi ne a ɗauki gaskiya a yi zalunci da ita. Mai rowa ya kan ji labarin Herzberg ya yi murna, ya ce ai masana sun tabbatar kuɗi ba ya kawo farin ciki, sai ya riƙa biyan mutanensa da romon baka. Ya manta waɗanda Herzberg ya tambaya injiniyoyi ne da akantoci, masu albashin da ke ci da su. Ya manta kuma tun 1964 Victor Vroom ya yi suka cewa halin ɗan adam ne ya jingina abin kirki ga kansa, ya ɗora abin ɓacin rai a kan wani, wannan ma zai iya sa labarun su rabu biyu haka. Wanda ɗansa ke kwance ba kuɗin magani, yabo ba ya shiga kunnensa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya a nan: a makarantu da asibitoci da sauran ayyukan ekklesiya, inda ma'aikata su ke ganin amfanin aikinsu a fili, nan ne ya fi sauƙi a ce da mutum ai hidima ce, a bar albashinsa ya yi wata uku bai fito ba. Ƙaunar da mutum ke yi wa aikinsa ba ta rage hakkinsa ko anini.

Don me mu ke aunawa?

Yanzu mun zo gindin maganar. Mai kiwon kaji ya kan duba lafiyarsu, ya gyara akurki, ya zuba musu ruwa mai kyau, amma ƙwai ya ke so. Haka yawancin masu awon farin cikin ma'aikata suka fara, da zaton ma'aikaci mai farin ciki zai fi yin aiki. Sai ga shi lissafi bai goyi bayansu sosai ba. A 1955 masana biyu, Brayfield da Crockett, suka duba binciken da aka yi har lokacin, suka ce dangantakar jin daɗi da yawan aiki ƙarama ce ainun. A 2001 Timothy Judge da abokansa suka haɗa ƙungiyoyin ma'aikata 312 da aka bincika, mutum fiye da 54,000, suka tarar dangantakar tana nan, amma matsakaiciya ce. Watau akwai masu farin ciki marasa himma, akwai kuma masu baƙin ciki da ke aiki kamar inji domin tsoron kora.

Wannan jarrabawa ce ga ko wane maigida. Da za a tabbatar maka yau cewa ɓacin ran yaronka ba zai rage maka ko sisi ba, za ka ci gaba da kula da shi? In amsarka a'a ce, to, ƙwai ka ke dubawa tun farko.

Wani zai ce mana, "Kun yi tsanani. Mai kamfani ba uban marayu ba ne. In bai ci riba ba wurin zai rufe, kowa ya rasa. In neman riba ya sa ya gyara wa mutanensa zama, ina laifi?" Akwai gaskiya cikin wannan, ba mu musa ba. Dala biyar ɗin Ford ta ci da iyalai da yawa, ko da shi ke domin maganin gudun aiki ya bayar. Alherin da aka yi domin riba ya fi muguntar da aka yi domin riba. Sau da yawa kuma amfanin maigida da na yaronsa hanya ɗaya su ke bi. Amma akwai ranar da hanyar ta kan rabu, ranar da amsar takarda ta ce a rage awoyi, ko a ƙara albashi, ko a kawar da shugaban da ke kawo kuɗi amma yana cin mutuncin mutane. Ran nan ce a kan san dalilin da ya sa aka yi tambaya. Ma'aikaci kuwa ba ya bukatar masani ya gaya masa, ya kan gane da wuri ko shi a ke nema ko abin da ya ke haifarwa.

Mu kuma lura da abin da ke cikin mudun. Albashi, adalci, halin shugaba, 'yancin mutum a kan aikinsa, yabo, sanin amfanin aiki: kusan dukansu a hannun maigida su ke. Saboda haka takardar da aka ce tana auna ma'aikaci, in an duba da kyau, maigida ta ke aunawa. Wanda ya rarraba ta shi ne ya hau sikeli.

Mai tambaya ya ci bashi

A ganinmu fa, daidai ne a auna, har ma ya fi a zauna cikin zato. Shugaban da ya ce ai ya san zuciyar mutanensa ba sai ya tambaya ba, yawanci fadawansa kaɗai ya ke ji. Amma tambaya ba kyauta ba ce. Duk wanda ya ce da na ƙasa da shi, "Gaya mini abin da ke damunka," ya ci bashi, gama ya sa mutum ya buɗe cikinsa, ya kuma sa shi cikin hatsari. Bashin nan kashi uku ne. Na ɗaya, kada amsar ta zama sanadin cutar mai amsawa. Na biyu, a komo a gaya wa mutane abin da aka ji, har da wanda ba shi da daɗi. Na uku, a gyara abin da a ke iya gyarawa, wanda ba a iyawa kuwa a faɗi dalili a fili. Wanda ba shi da niyyar biya, gara kada ya tambaya, gama tambayar da ba gyara a bayanta tana koya wa mutane cewa maganarsu banza ce, baɗi kuwa za su ce, "Da godiya," su wuce.

Ma'aikaci ma yana da nasa rabo. In an tambaye shi da zuciya ɗaya, ya faɗi gaskiya, kada ya mai da takarda wurin ramuwa, kada kuma ya ɓoye abin da ke cutar abokansa domin ya tsira da kansa. Ya kuma sani ba dukan nauyin zuciyarsa ne maigida ya ɗora masa ba. Wani daga gida ya zo da shi, wani daga ƙyashin abin da ke hannun maƙwabci.

Yawancinmu ba mu da ma'aikata dubu, ba mu kuwa bukatar takarda mai tambaya saba'in. Muna da mutum ɗaya ko biyu, mun san sunansu. Bari mu fara da abin da ba ya bukatar tambaya. Ladansa yana fita a kan kari? Abin da mu ke biyansa zai ci da gida? Mun fifita wani a kansa ba dalili? Akwai wani yanki na aikin da muka bar masa ya yi yadda ya ga ya fi kyau? Yaushe rabon da mu nuna masa abin da aikinsa ya haifar? In mun amsa waɗannan tsakaninmu da Allah, sa'an nan mu kira shi a wannan wata, mu ba shi wurin zama, mu tambaye shi abu guda wanda zai so a canja. Zai ce ba kome. Mu yi haƙuri, mu yi shiru kamar yadda masu tambaya na Hawthorne suka koya, mu sake tambaya wani mako. Ran da ya faɗa kuwa, ko da maganar ta soke mu, mu gode masa, mu tashi mu biya bashin. Allah ya ba mu kunnen ji da hannun gyara.